Tomahok a Sansanin Daji: Jagorar Aiki da Gatarin Jifa

Tomahok ɗan gatari ne mara nauyi, mai doguwar ƙota siririya, wanda asalinsa Amurka ta Arewa ne. Yawancin waɗanda suka san shi a wajen jifa suka san shi: a wurga shi ya juya sau ɗaya a iska ya kafe a jikin kututture. To amma mutanen da suka rayu da shi a dazuzzukan gabashin Amurka da Kanada ba don wasa suke rataye shi a ɗamara ba. Da shi suke saran ƙirare, su feƙe turaku, su kafa bukka, su gyara naman da suka farauto. Kafin zuwan Turawa, 'yan asalin ƙasar da dutse ko ƙahon barewa suke yin kansa. Daga ƙarni na 17 Faransawa da Ingilishi suka riƙa shigo da na ƙarfe suna musanya su da fatu, har ya zama kayan da ba ya rabuwa da matafiyin daji. A dokokin da Robert Rogers, wani hafsan rundunar Ingila a Amurka, ya rubuta wa dakarunsa na daji a 1757, ya wajabta wa kowane mutum ya fito da bindiga, da albarushi da harsashi na harbi 60, da ɗan gatari. Ayarin binciken ƙasa na Lewis da Clark ma, lokacin da sanyin 1804 zuwa 1805 ya tsare su a Fort Mandan, a yankin da yanzu yake jihar Dakota ta Arewa, maƙerinsu John Shields gatura ya riƙa ƙerawa ana ba su masara a madadinsu.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, tomahok ba ƙaramin gatarin faskare ba ne. Wanda ya ɗauke shi a haka zai gaji, ya karya ƙota, ya ce kayan banza ne. Ƙarfinsa a wuri biyu yake: saurin sara, da kuma ruwan da ake zarewa daga ƙota a mayar a duk lokacin da aka so. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan biyun aka gina su.

Yadda aka haɗa shi, da wanda ya kamata ka zaɓa

Gatarin da maƙeranmu ke yi, wutsiyar ruwansa ce ke shiga cikin kan ƙota. Na kanti kuma ƙota ce ke shiga ramin ruwan daga ƙasa, a buga mata weji ta buɗe ta riƙe. Tomahok ya bambanta da duka biyun, haɗinsa irin na diga ne. Ramin da ke jikin ruwan, wanda ake kira ido, ya fi faɗi ta sama, ƙotar kuma ta fi kauri a kanta. Ana zura siririn ƙarshen ƙotar ta saman idon, ruwan ya zame har ya je inda kauri ya tsayar da shi. Babu weji, babu kusa, babu gam. Duk saran da ka yi, ƙarfin lilon yana ƙara tura ruwan ne wajen kaurin, wato aikin da kansa ke ƙara matse shi. Shi ya sa ruwan tomahok ba ya fita ta sama ya tashi kan mutane, in dai an zaunar da shi daidai.

In za ka saya don aikin sansani, ka nemi mai ƙota tsakanin santimita 45 zuwa 56, da ruwa mai nauyin giram 400 zuwa 600 ko kusa da haka. Ka fi ba mai ƙeyar guduma muhimmanci. Akwai mai tsini a baya, wanda aka yi don yaƙi da fasa abubuwa, kuma ban ga amfaninsa a sansani ba: ba ka buga turke da shi, ba ka dafa bayansa da tafin hannu, sannan duk lokacin da ka ɗaga shi tsinin yana kallon fuskarka. Haka nan ka bar wanda aka yi ruwa da ƙota da ƙarfe ɗaya, domin ya rasa babban abin da ya sa ake son tomahok. Cikin waɗanda aka fi sani a kasuwa akwai Trail Hawk na kamfanin Cold Steel mai ƙotar inci 22, da Woods Chogan na CRKT mai inci 19, wanda ya fi shi nauyi. Dukansu da ƙarfe mai lamba 1055 aka yi su, ƙotarsu kuma itacen hikori ne, wanda Amurkawa suka fi amincewa da shi saboda yana shanye girgiza ba ya saurin karyewa. Irin wannan ƙarfen ba shi da taurin da zai hana magagari cin sa, kuma wannan alheri ne ga mai zama a daji.

Ka duba ƙotar da kyau kafin ka biya. Ka leƙa kanta ka ga layukan itacen: ana so su bi tsawon ruwan, daga baki zuwa ƙeya, kada su gitta. In ka ga gaɓa kusa da inda ruwan zai zauna, ko layin itacen ya karkace ya fita ta gefe a tsakiyar ƙota, ka ajiye ka ɗauki wata.

Gyaran farko, tun a gida

Sabon tomahok kusan bai taɓa zuwa a shirye ba. Wasu kamfanonin suna sa wata 'yar kusa mai murɗi a gefen ido don ta riƙe ruwan. Ka kwance ta ka ajiye. Ba ta ƙara komai, sai ma ta riƙa cin itacen a wuri ɗaya har ya tsage. Daga nan ka zare ruwan ka shafa yatsa a cikin idon. In ka ji kaifi ko ƙurajen ƙarfe a gefunansa, ka goge su da magagari mai zagaye, domin su ne ke yanka ƙota maimakon su rungume ta.

Yanzu sai zaunar da ruwan. Ka mayar da shi, ka juya kan ƙotar ƙasa, ka buga shi a kan kututture sau uku ko huɗu. Ka sake zarewa ka duba. Inda ƙarfe ya taɓa itace za ka ga baƙin tabo ko sheƙi. Waɗannan wuraren ne suka yi tudu, sai ka rage su kaɗan da samfefa ko bakin wuƙa, ka mayar, ka buga, ka sake dubawa. Haka za ka yi ta yi har tabon ya zagaye ƙotar gaba ɗaya, ka ɗaga wa haske ba ka ga kafa tsakanin ƙarfe da itace ba. Aikin yana cin lokaci, amma shi ne bambanci tsakanin tomahok mai kaɗawa a hannu da wanda ke jin kamar abu guda ne. Ka bar ƙota ta fito sama da ruwan da kamar santimita 2, domin nan gaba itacen zai bushe ya tsuke, ruwan ya nemi wurin hawa.

In ƙotar ta zo da fenti mai sheƙi, ka kankare shi. Yana sa santsi in hannu ya yi gumi, kuma yana tayar da bororo. Ka shafa mata man linsid siriri, ka goge, ka bar ta ta sha, ka maimaita na 'yan kwanaki. Tsumman da ka shafa man da shi kada ka dunƙule shi ka jefa a kwana, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a buɗe ko ka jiƙa shi da ruwa.

Washi kuwa, ka ɗaure ruwan a kan benci, ka sa safar hannu, ka zana baƙar maka a bakin don ka ga inda magagari ke ci. Ka riƙa turawa gaba kawai, kada ka yi ta goga gaba da baya. Kusurwar da ake nema, in an haɗa gefe biyu, digiri 25 zuwa 30 ce. In ta fi haka siranta bakin zai lanƙwashe ko ya ɓare a busasshen itace, in ta fi haka kauri zai riƙa tsalle daga jikin itacen, kuma tsallen nan ne ke kai shi ƙafa. Bayan magagari sai dutsen washi da ɗan ruwa, sannan ka goga a jikin fata don ka cire gashin ƙarfen da ya rage. In ya yanka takarda ba tare da ya yage ta ba, ya isa. Kada ka fita da shi babu kube. In bai zo da nasa ba, kowane baduku zai ɗinka maka na fata mai kauri.

Sara

Kafin sara na farko, ka riƙe ƙarshen ƙota ka miƙa hannu ka zagaya a hankali, gefe da gefe da kuma sama. Duk reshe ko igiyar tanti da ya taɓa, ka kawar. Mutane su matsa ninki biyu na wannan nisan. Reshe ƙarami da ya kama ruwan a sama ya isa ya karkatar da saran zuwa inda ba ka nufa ba.

Ga dokar da ta fi kowace muhimmanci. Tsawon tomahok tsawo ne mai haɗari: ya yi gajarta ya kai ƙasa in ka kuskure kana tsaye, sai ya ci gaba da lilo ya sauka a ƙauri ko gwiwa. Saboda haka ka durƙusa. In kana kan gwiwoyinka, itacen yana gabanka a kan wani gungume, saran da ya kuskure ƙasa zai samu ko gungumen. Ka kuma lura kada ruwan ya sauka ƙasa da hannunka a ƙarshen sara. Ka riƙa sauke hannu tare da shi, ƙota ta ƙare a kwance daidai da ƙasa. Muddin ƙota a kwance take, bakin ba shi da hanyar juyowa kanka.

Kada ka yi sara da ƙarfin kafaɗa. Ruwan ba shi da nauyin da zai yi maka aiki, gudu ne ke yi. A lissafi, in nauyi ya ninka sau biyu ƙarfin bugu sau biyu yake ninkawa, amma in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin sau huɗu yake ninkawa. Dalilin doguwar ƙota ke nan a kan ɗan ƙaramin ruwa. Ka riƙe ƙarshenta riƙo sassauƙa, ka ɗaga da gwiwar hannu, ka saki wuyan hannu a ƙarshe ya fyaɗa. Idonka ya tsaya a daidai inda kake so bakin ya sauka. Sara goma da suka sauka wuri ɗaya sun fi talatin masu ƙarfi da suka warwatse.

In za ka datse itace, kada ka sare shi a miƙe, bakin zai nutse ya maƙale ba tare da ya fitar da komai ba. Ka karkata kamar digiri 45, sara daga dama, sara daga hagu, ɓarɓashi ya riƙa tashi. Faɗin bakin ramin ya kai kaurin itacen, domin in ka fara shi a tsuke za ka rasa wurin shiga kafin ka kai tsakiya. Da ka ci rabi sai ka juya itacen ka fara ta ɗaya gefen. Sanda mai kaurin babban yatsa ko biyu kuwa, ka kwantar da ita a kan gungume ka sare ta a karkace sau ɗaya, hannun da ke riƙe da ita yana nesa, kuma ka tabbata daidai wurin saran yana zaune a kan gungumen, in ba haka ba guntun zai yi tsalle ya nufi ido.

Wajen sassabe rassan bishiyar da ta faɗi, ka tsaya ta ɗaya gefen, gangar jikin bishiyar tana tsakaninka da reshen da kake sara. Ka faro daga gindi ka nufi sama, kana saran kowane reshe ta ƙarƙashinsa, ba ta cikin hammatarsa ba.

Iyakarsa fa? Daga kaurin wuyan hannu zuwa kaurin dantse, nan ne gidansa. Abin da ya wuce santimita 12 ko 15, zai iya, amma za ka biya da gumi da lokaci. Ƙaramin zarto mai naɗewa ba shi da nauyi, kuma shi da tomahok suna cika juna: zarto ya datse, tomahok ya tsaga ya sassaƙa. Idan magariba ta yi ko ka ji hannu ya fara mutuwa, ka mayar da shi kube. A waɗannan lokutan biyu aka fi jin rauni.

Faskare, inda ya fi rauni

Kumatun tomahok sirara ne. Suna shiga itace da kyau amma ba sa buɗa shi, ga kuma ido mai faɗi da ke tokarewa in an nutsa. Wanda ya tsayar da gungume ya ɗaga ya maka masa kamar mai faskaren itacen sayarwa, zai ƙare yana kokawar zare shi. Akwai hanyoyi biyu da suka fi.

Ta farko ta ƙananan itatuwa ce. Ka riƙe itacen da hannu ɗaya ta ƙarshensa, ka kwantar da shi a layi ɗaya da ƙota, ka ɗora bakin a kan ɗaya ƙarshen. Ka ɗaga su tare ka buga a kan gungume. Da bakin ya shiga, ka murɗa ƙota gefe ɗaya, itacen kuma ɗaya gefen, sai ya tsage har ƙasa. Yatsunka ba su taɓa shiga gaban kaifi ba, ka dai kula kada ƙota ta matse su a jikin itacen. Da wannan hanyar za ka mayar da reshe ƙirare cikin ɗan lokaci, kuma ko an yi ruwa, cikin itacen a bushe yake.

Ta biyu ta manya ce, kuma a nan ne zare ruwa ke nuna amfaninsa. Ka sa kube, ka riƙe ruwan da hannu ɗaya, ka bugi gindin ƙotar da wani itace har ta saki, ka zare. Kada ka buga gindin ƙota a ƙasa kana riƙe da ita, ruwan zai zamo ya sauka a kan hannunka. Yanzu ruwan ya zama weji. Tun kafin ka zare shi, ka sassaƙa weji biyu ko uku na itace mai tauri, ka kuma tanadi kulki. Ka ɗora bakin a kan gungumen, gara inda ka ga tsaga ta riga ta fara, ka bugi ƙeyar da kulki har tsagar ta buɗe. Ka sa wejin itace a ciki ka buga, ruwan zai saki, ka matsar da shi gaba. A haka ake raba gungumen da ya fi cinya kauri. Da itace kawai za ka buga, ban da dutse, ban da guduma. Bangon ido siriri ne, in ya lotse ƙota ba za ta ƙara zama daidai ba.

Aikin hannu: turaku, wuta da girki

Ka matso da hannunka har ƙarƙashin ruwan, yatsa manuniya a kan kumatu. A wannan riƙon tomahok ya koma wuƙa mai nauyi. Don turken tanti ko tamfol, ka yanko ɗanyen itace mai kaurin babban yatsa, tsawon santimita 25 zuwa 30. Ka tsayar da shi a kan gungume ka ɗan karkata shi, hannunka yana can sama, ka feƙe ƙasan da gajerun sara uku ko huɗu kana juya shi. Bakin ya riƙa sauka a miƙe, itacen ne ke karkata. Kada tsinin ya yi siriri ƙwarai, zai karye a ƙasa mai tauri. Kusa da kai ka yi masa 'yar gaɓa inda igiya za ta zauna, ka kuma rage gefunan kan don kada ya farfashe in ana bugu. Sai ka juya ƙeya ka kafa shi, kansa ya karkata nesa da tantin. Lokacin da kake bugu da ƙeya, bakin sama yake kallo, wato kai yake kallo, don haka kube ya kasance a kai.

Haka za ka yi sanduna uku na rataya tukunya, da maratayi mai ƙugiya daga reshe mai rassa biyu. Don kunna wuta, ka ɗauki busasshen tsagi, ka kafe bakin tomahok a kan gungume yana kallon nesa da kai, ko ka riƙe ruwan a hannu, ka riƙa fere siraran ɓawo a jikin tsagin ba tare da ka cire su ba, har su taru su yi tuƙƙu. Uku ko huɗu irin wannan suna kama ashana ɗaya ko da itacen waje ya jiƙe.

Ruwan shi kaɗai a tafin hannu yana yanka nama da albasa, yana kankare fata, yana ɓare ɓawon itace. In za ka taɓa abinci da shi, ka wanke shi tukuna, kuma man da kake shafa masa ya zama wanda ake ci.

In ƙota ta karye a daji

Wannan shi ne abin da gatarin kanti ba zai yi maka ba. Nasa guntun yana maƙalewa a ido, fitar da shi babu kayan aiki wahala ce. Na tomahok kuwa, ka buga shi ya fita ta sama. Ka nemi reshe miƙaƙƙe mai tauri, mara gaɓa, wanda ɗaya ƙarshensa ya ɗan fi idon kauri. A Amurka hikori ko ash ake nema. A ƙasarmu marke da aduwa, waɗanda aka saba yin ƙotar fartanya da gatari da su, za su yi. Ka riƙe ruwan a hannu, ka datse reshen ta hanyar bugun ƙeya da kulki, ka ɓare shi, ka fara rage shi daga inda zai zama mariƙi kana hawa. Ka bi siffar idon, wanda yawanci kamar ƙwai yake, mai tsukewa ta wajen baki, domin ƙota mai zagaye sosai juyawa take yi a ciki. Ka gwada, ka buga, ka duba tabo, ka rage, kamar yadda ka yi a gida. Kada ka yi gaggawar ragewa kusa da kai, abin da ka cire ba ya dawowa. Ɗanyen itace zai tsuke cikin kwanaki, sai ka riƙa buga kan a kututture kowace safiya ruwan ya ƙara hawa. Ina ba da shawara kowa ya gwada wannan sau ɗaya a gida, ranar da babu abin da ya matsa masa.

In ruwa ya yi sako-sako, musamman da hunturu, kada ka jiƙa ƙota a ruwa don ta kumbura. Za ta matse na yini ɗaya, ƙarfe ya murƙushe naman itacen, in ta bushe ta fi da sakewa. Bugu a kututture da ɗan mai sun wadatar.

Jifa

Jifa wasa ne mai daɗi, kuma yana koya wa hannu sakin jiki. A Amurka har yau ana gasarsa a tarukan masu raya al'adun mafarautan da, irin wanda ake yi a garin Friendship na jihar Indiana, inda sau da yawa katin karta ake mannawa a kututture a ce a raba shi. Amma ka san cewa jifa shi ne babban mai karya ƙota da dakushe baki. Tomahok ɗin da kwananka a daji ya dogara da shi, kada ka jefa shi. Ka ware wani na jifa, ko aƙalla ka tanadi ƙota biyu, kuma ka bar wasan sai kana kusa da gida. Na jifa ba ya buƙatar kaifin aski, matsakaici ya isa.

Abin jifan ya zama yankakken kututturen itace mai laushi, faɗin santimita 40 zuwa 60, kauri aƙalla 15, fuskar yankan tana kallonka, domin ta nan bakin ke shiga tsakanin layukan itace ya kafe. Can suna amfani da fain ko fofla, a nan rimi zai yi. Ka ɗora shi a kan ƙafafu uku daidai ƙirji, ka riƙa yayyafa masa ruwa don ya yi taushi ya daɗe. Kada ka jefi bishiya mai rai: raunin yana shigar mata da cuta, kuma jikinta mai zagaye yana mayar da tomahok ta inda ba a zata ba. Bayan kututturen da gefunansa su zama fili, babu mutum babu dabba, 'yan kallo duka a bayanka da nisa. Takalmi rufaffe dole ne.

Ka jingina bayanka da kututturen ka yi taku biyar ko shida ka juyo. Wannan kusan mita 4 ne, nisan juyi ɗaya. A gasar World Axe Throwing League layin yana ƙafa 12 ne daga allo, amma ƙotar tomahok ta fi tsawo, saboda haka tana son ƙarin nisa kaɗan. Ka riƙe ƙarshen ƙota kamar kana musafaha da ita, bakin yana kallon kututture sak. Ka ɗaga hannu ya wuce kunne, ka kawo shi gaba kana taka ƙafar da ke kishiyar hannun, ka buɗe yatsu lokacin da hannu ya miƙe yana nuna wurin da kake so, ka bar hannun ya ci gaba ya sauka gefen cinya. A nan wuyan hannu a ƙage yake, saɓanin sara. Kada ka murɗa shi don ka sa tomahok ya juya, zai juya da kansa. Ƙarfi ma ba a buƙata sosai, nauyinsa ya isa ya kafe shi.

In bai kafe ba, kada ka canza jifan, ka canza nisan. In gindin ƙota ne ya fara bugun kututture, juyin bai cika ba, ka ja baya rabin taku. In saman ruwan ne ya buga, ƙota tana nuno ka, juyin ya wuce, ka matso rabin taku. In ya faɗi a kwance ta gefe, wuyan hannunka ne ya karkace wajen saki. Da ka samu wurin da yake kafewa, ƙota tana kallon ƙasa, ka ja layi a nan ka yi ta maimaitawa har jiki ya haddace. Juyi biyu yana wajen mita 8 zuwa 9. In tomahok ya buga ya dawo, ka kauce, kada ka yi yunƙurin cafewa. Kuma kada ka jefa na biyu alhali na farko yana kafe a wurin, ƙotarsa za ka raba. Wajen zarewa, ka kaɗa ƙota sama da ƙasa, ba gefe da gefe ba.

Ɗauka da ajiya

A tafiya, ka zare ruwan ka sa shi cikin kube a cikin jaka, ƙota kuma a gefen jakar. Ya fi aminci in ka faɗi, kuma a hanyoyin da ke da shingayen jami'an tsaro ya fi sauƙin bayani a matsayin kayan aiki. Ka san dokar wurin da za ka kafin ka ɗauke shi, haka ma dokar saran itace a gandun daji. A jirgin sama cikin kayan da ake aunawa yake tafiya, ba jakar hannu ba. In za ka miƙa wa wani, ka ba shi ƙota, bakin yana kallon gefe, kada ka saki sai ya ce ya riƙe. Jakarka kuma kada ta rasa bandeji mai kauri: in aka yanke, a danne wurin da ƙarfi ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, a nufi asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus.

Ƙarfen 1055 yana tsatsa da wuri. Bayan kowane aiki ka goge danshi da ƙaron itace, ka bi bakin da dutse sau kaɗan, ka shafa mai siriri, man kaɗe ma ya yi. Kada ka bar shi ya kwana a kan ƙasa ko a cikin jiƙaƙƙen kube, kada kuma ka jingina shi kusa da wuta, domin zafi yana busar da ƙota ta tsage, in ya yi yawa kuma ya kashe taurin bakin.